Gidan da Ba a Yi Mana Lale Ba

Kakata ta wajen uba ce ta ja ni zuwa Bama, kuma ban tafi da son raina ba. Lokacin ina saurayi, ina zaman shagon yadi na mahaifina a Gamboru, cikin Maiduguri. Ina kuma neman wata yarinya a Mafoni wadda ba ni kaɗai ke nemanta ba, don haka barin gari ko na yini ɗaya a wurina kasada ce.

Mu Kanawa ne ta wajen kakana. Fatauci ya kawo shi Yerwa, wato Maiduguri, ya ga wannan Babarbariya ya aura, ya zauna har ƙasa ta rufe masa ido. Ita kuwa na tashi na same ta ba ta da aiki sai ɗinkin hula, kuma zane ɗaya tak take yi: wasu 'yan matakala da ke hawa, su kai kusurwa, su juyo. Shi ta ɗinka wa mijinta, shi ta ɗinka wa ɗanta, shi ta ɗora mini a ka tun ina rarrafe. Abokaina har tsiya suke mini wai hulata ɗaya ce, launi kawai take sakewa. Na sha roƙonta ta yi mini wani zanen na zamani. Sai ta ce, "Maigida, in ka gaji da ni ka sake ni mana, ka je ka auro mai sabon zane." Haka take kirana, maigida, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata amarya.

Labarin zanen kowa a gidanmu ya haddace shi. Uwarta ce ta koya mata a Bama tana ƙaramar yarinya. Wata rana aka aike ta kogi ta wanke zare, sai dakarun wani mayaƙi da ya fito daga gabas suka faɗa wa garin. Mutane suka watse, kowa ya yi ta kansa. Wata Bashuwa mai korar shanu ta fizgi hannunta suka shiga daji, kuma a hannun matar nan ta girma, daga wannan mashaya zuwa waccan, har suka ɓullo Yerwa. Ba ta sake jin ɗuriyar kowa nata ba. Abin da ta fito da shi daga gida shi ne zanen nan, da sunan uwarta wanda kusan kowane gidan Barebari akwai mai shi, da kuma tunanin wata tsamiya a ƙofar gida. Idan ta gama ba da labarin takan ce abu ɗaya ne ke cinta: ba ta san ko uwarta ta rayu ba, in kuma ta rayu, ko ta neme ta.

Kakana ya yi ta ce mata bayan damina zai kai ta, har ya rasu. Mahaifina ya gaji maganar kamar yadda ya gaji shago. Abin da ya tayar da ƙura shi ne zancen da ya cika gari a shekarun nan, wai za a jefa ƙuri'a a ƙasar Bama, su zaɓa ko su bi Najeriya ko su bi Kamaru. Wata maƙwabciya ta ce mata in suka bi can, sai da takarda za a shiga. Shi ke nan. Tsohuwa ta ɗaure kaya ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce ko a kai ta ko ta kama hanya da ƙafa.

Mahaifina ya kira ni ya ce, "Kai za ka raka ta."

Na ce, "Baba, shago fa?"

Ya ce, "Shagon ya daɗe yana zaune kafin a haife ka."

Tun daga tasha ta fara gwada mini haƙuri. Na roƙi direba ya ba ta gaban mota saboda tsufa, ta ce ita ba za ta zauna kusa da namijin da ba ta san uwarsa ba. Muka ɗora ta a baya bisa buhunan gishiri, ba mu bar gari ba ta fara cewa an jibge ta kamar akuya. Ga bazara, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Ga kayanta: ƙullin goro, turaren wuta, sabulu, da wani zakara mai rai da ta ce na 'yan'uwanta ne, wanda ya zaɓi cinyata ta zama masa makewayi. A Konduga motar ta tsaya cik. Direba da yaransa suka shige ƙarƙashinta, ita kuwa ta leƙo daga sama tana ba su shawara da Barbarci, ita da ba ta taɓa sanin inda ake zuba wa mota ruwa ba. Sai bayan la'asar muka shiga Bama, ni da riga mai warin kaji.

Masaukinmu gidan wani dillalin huluna ne da ke sayen yadi a wurin mahaifina, dattijo mai sanyin magana. Da safe ya zaga da ni, na ga abin da ban taɓa gani ba. Garin gaba ɗaya allura yake riƙe da ita. Maza a gindin bishiya suna ɗinki suna hira, ko kallon hannunsu ba sa yi. Mata na yi a cikin gida, sai ka ga an miƙo aiki ta kan zana. Can gefe masu wanki sun kifa huluna a kan kawunan katako, sun jera a rana suna bugu. Na ji kunyar tawa hular, har na so in cusa ta a aljihu.

Ya kuma ba ni labarin garin. Ya ce mahaifinsa bai taɓa ɗaga tabarmarsa daga inda take ba, amma a kanta ya yi wa mayaƙin nan mubaya'a, a kanta ya ga Jamusawa, a kanta ya ga Turawan Ingila. Kowa ya zo sai ya ja layi a ƙasa ya ce nan ne iyaka. "Yanzu kuma an ce mu da kanmu za mu zaɓa," in ji shi. "Mu dai a bar mana allurarmu." A raina na ce Allah ya ba ku sa'a, ni dai a nuna mini gida mai tsamiya in koma Mafoni.

Muka fara shiga gidaje. A gida na farko aka tarbe mu da "Lale, lale! Wushe, wushe!" kamar an ga wanda ya dawo daga Makka. Aka shige da ita ciki, ni aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin hantsi: lafiyar hanya, lafiyar Yerwa, lafiyar zafi, a koma lafiyar hanya. Barbarcina na gida ne, wanda na tsinta a gindin kakata, amma ya ishe ni in gane abin da ke tashi daga ciki. Ta ba da labarinta, ta fito da ɗinkinta ta nuna, sai na ji guɗa da koke-koke. Maigidan ya fito ya kama hannuna ya ce, "Tamu ce! Wallahi tamu ce. Zanen ma namu ne." Aka kawo burabusko da miya har da man shanu. Na ci na yi hamdala, ina lissafin motar da za ta koma gobe.

Da muka fito, ta gyara mayafi ta ce, "Ba nan ba ne."

"Amarya, ba ki ji sun ce ke tasu ba ce?"

"Na ji. Na ce musu uwata doguwa ce, suka ce ƙwarai doguwa. Can na ce gajera, suka ce ai gajera ce sosai. Mu je gaba."

Gida na gaba ma haka. Na gaba da shi ma haka. Duk inda muka sa ƙafa, lale ce, kuka ne, burabusko ne. Kowa ya ga zanen sai ya ce Masha Allah, nasu ne. Wani mutum ya rantse shi ne yayanta da aka bari a gida, alhali ko mahaifina ya girme shi. Wani gidan suka ja mu bayan ɗaki da murna suka nuna mana tsamiya, wadda in na tsaya kusa da ita na fi ta tsawo. Kuma ba dama ka ƙi cin abinci, don in ka tsame hannu da wuri sai a ce ka raina dangin kakarka. Na ci burabusko a kwanakin nan har na tsani ganin akushi. Cikina ya ɗaure tamau, ƙafata ta yi kanta, goron tsaraba ya ƙare, sai zakaran nan kaɗai ya rage, don ta ce ba za a yanka shi ba sai a gidan gaskiya. Ni ke rungume da shi lungu-lungu, yara na bina suna dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda za ka kama da laifi. Ba su nemi komai a wurinmu ba, su ne ma ke asarar hatsi. Mutum yana maka ƙarya yana share hawaye, yana tura maka nama gabanka. Ta ina za ka fara faɗa da shi?

Don haka na sauke haushin a kan kakata. Muna zaune a inuwar wani bango da rana tsaka, tana murza ƙafafunta da suka kumbura, na ce, "Don Allah ki zaɓi ɗaya mana mu huta! Kin zo neman gida ɗaya, an ba ki gari guda. Me kuma kike so? Wancan gidan mai shanu ma ai ba laifi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai in uwarka ta ɓata, kasuwa za ka shiga ka zaɓo wadda ta fi ƙiba?"

"To ai ba a gane ki ba ne, shekara nawa!"

"Ni ban zo cin tuwo ba, maigida. Tuwo akwai a Gamboru. So nake wani ya dube ni ya gaya mini abin da ya faru da matar nan bayan na tafi. Ko da cewa zai yi ta mutu a ranar, in sani. Ko cewa zai yi ta haifi wasu ta manta da ni, in sani."

A nan na lura ba taurin kai kaɗai ke ɗawainiya da ita ba, tsoro take ji kada ƙarfinta ya ƙare kafin gidajen su ƙare. Tausayi ya kama ni, amma maimakon ya kashe haushin sai ya juya shi kan mutanen garin.

Muna komawa masauki na sami dillalin a zaure yana jera huluna. Ban ko zauna ba. Na cire tawa na ajiye a gabansa na ce, "Baba, kai sana'arka ke nan. Na ga an kawo maka hula ka ɗaga ka faɗi unguwar da aka ɗinka ta. Ta yaya garin da kowa ke cin abinci da allura za a ce ba wanda ya san gidan da zanen nan ya fito? Ko dai duk gidajen Bama uwa ɗaya ta haife su?"

Ya ɗauki hular ya juya ta. Can ya ce, "An sani."

"An sani?"

"Tun ranar da kuka sauka. Yaro ma ya gani zai gaya maka. A nan kowane tsohon gida da zanensa."

Wallahi sai da na ji kaina ya yi zafi. Na manta da furfurarsa, na manta abokin mahaifina ne. Na ce, "To don me kuka bar tsohuwa tana jan ƙafa a rana? Don me kuke ɗura mini burabusko kamar za a kai ni kasuwa? Wannan wace irin mugunta ce da fara'a?"

Bai yi fushi ba, wanda ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce in zauna. Ya ce garin nan ya ga masu neman nasu ba iyaka. Bayan kowace fitina sai a yi shekaru ana ganinsu, tsofaffi da masu tabo, wani daga Mandara, wani daga bakin tafki, kowa na tambayar gidan da galibi babu shi. Tun zamanin iyayensu suka ɗauki al'ada, wanda ya zo neman nasa ba a ce masa babu. Gidan da ya fara shiga ya karɓe shi, ya ci ya sha, a kira shi ɗan'uwa, ya koma da sanyin zuciya. Da yawa sun san ba gaskiya ba ne, in ji shi, amma sukan karɓa.

Na ce, "To ita ba ta karɓa ba. Kuma ku kun san gidan."

"Gidan ne matsalar. Mace ɗaya ta rage a ciki, tsohuwa, kuma harshenta ya fi allurarta tsini. An sha zuwa mata da zancen dangantaka don a raba gidan da ita. Na ƙarshe da muciya ta raka shi har bakin hanya. Muka ce wannan baiwar Allah ta taso tun daga Yerwa, a ce a ƙofar gidan ubanta za a yi mata korar kare? Gara ta koma da gidaje goma masu lale."

Kafin in buɗe baki sai muka ji murya daga bayan zana. Ashe kakata na tsaye tana ji. Ta ce wa dillalin, "Tashi ka nuna mana hanya. Maigida, ɗauko zakara."

Dillalin ya raka mu har bakin lungun, ya nuna da haɓa, ya ce shi yana da baƙi a gida. Gidan na can ƙarshen gari ta wajen kogi, katangarsa duk ta zaizaye. Babu tsamiya, sai wani tsohon kututture da aka ɗaure akuya a jiki. A bakin zaure wata tsohuwa ce zaune a kan buzu, siririya, baƙa, tana ɗinki. Ba ta kai kakata shekaru ba, amma fuskarta a murtuke kamar an aiko mata da sammaci.

Muka yi sallama. Ta amsa a taƙaice ba ta ɗago ba. Ba lale, ba wushe, ba tabarma. Bayan kwanakin da na yi ana tarairayata, sai na ji abin ya yi mini wani iri, har na soma jin haushin rashin burabuskon da na tsana.

Ta ce, "Ku ne na Yerwa masu zagaya gari da kaza? Labarinku ya riga ku. Ba ni da yaya, ba ni da ƙanwa, ba ni da ɗakin da za a raba. Ku gaida gida."

Na ce, "Iya, ki dubi hular kaina mana."

Ta watsa mata ido sau ɗaya. "Na gani. Zane ai ko ɓarawo ya saya a kasuwa ya kwaikwaya. Kuma wanda ya yi wannan bai iya ba."

Na juya in ce wa kakata mu tafi, mun ji abin da muka zo ji. Sai na ga ta zauna daɓas a ƙasa, ba buzu ba komai, ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗinkin da take kai, ta zura zare. Ita ma mai gidan ta ci gaba da nata, kamar ba kowa a wurin. Ni kuwa aka bar ni tsaye a rana da zakara a hammata, tsakanin tsofaffi biyu masu gaba da juna da allura. Na yi gyaran murya, ba wadda ta kula. Na ce a raina yau na ga ta kaina, da wannan wulaƙanci gara ƙaryar masu lale.

Amma na lura mai gidan tana satar kallo. Allurarta ta rage sauri, ta rage, ta tsaya. Idonta na kan yatsun kakata, suna hawa matakalar nan ɗaya bayan ɗaya. Kwatsam sai ta yunƙuro ta kai wa bayan hannun kakata duka, tas!

"Tsaya! Ba ki kai kusurwa ba kika juya! Saura ɗaya!"

Na zabura. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaga wa kakata murya ba, balle hannu. Ita kuwa ko gezau. Ta ce, "Haka nake yi tun ba a haife ki ba."

"To tun ba a haife ni ba kike ɓata shi! Dubi nan. Dubi nan ma. Duk kusurwa sai kin ci ɗaya, shi ya sa matakalarki ke karkacewa kamar..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta riƙe ƙyallen, ta kai shi kusa da ido, ta bi kusurwoyin da farce. Da ta sake magana muryar ta sauka.

"Haka uwata take ce mini. Duk ranar da na yi gaggawa sai ta buge mini hannu ta ce, kada ki yi irin na yayarki, mai juyawa kafin ta kai. Na tashi ina jin haushin yarinyar da ban taɓa gani ba, ana dukana saboda ita." Ta ɗago ta ƙura wa kakata ido. "Me aka aike ki yi ranar?"

"Wankin zare a kogi."

"Wane iri?"

"Shuɗi."

"Baƙi ta ce."

"Shuɗi ne. Ni na riƙe shi, ke kina ina?"

"To uwata ce za ta yi ƙarya?"

"Uwarki? Uwata dai! Ni na riga ki shan nononta."

Suka kaure da musu a kan launin zaren da ruwa ya tafi da shi tun kafin zuwan Turawa, kowace na nuna 'yar'uwarta da allura. Akuya ta tsorata ta hau kututture. Sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tun farko: yadda suke murguɗa baki in za su ƙaryata mutum iri ɗaya ne sak. Na sami gefe na tsuguna, zakaran ya zame ya shige gidan abinsa, ba wanda ya bi shi.

Da musun ya lafa, mai gidan ta ba da labari a gutsure, tana yi tana hararar ƙasa. Uwarsu ta tsira. Ta ɓuya a cikin ramin hatsi, ta fito bayan an tafi. Uban ne bai tsira ba. Daga baya ta auri ƙaninsa, ta haifi 'ya ɗaya, ita ke nan. Ta rayu har ta ga jirgin sama, ta rasu da tsufa a ɗakin can na kusa da rijiya.

Kakata ta saurara ba ta motsa ba. Na san tambayar da ke bakinta, na kuma ga ta kasa fito da ita. Sai ta kewaya ta ce, "Ke wa sunanki?"

Matar ta faɗa. Sunan kakata ne.

Fuskar kakata ta canza. Ta ajiye ɗinkin a ƙasa. "Sunana ta ba ki? Ashe binne ni ta yi. Ta yi mini sadaka, ta mayar da suna, ta shafe ni. Ni ina can ina bin shanun mutane ina kuka, ita tana nan ta yi sabuwa." Ta dafa ƙasa za ta tashi. "Maigida, zo ka ɗaga ni. Na ji abin da na zo ji."

Na taso na kama hannunta na ɗaga ta. Da bakinta ta ce ko wannan aka gaya mata za ta ɗauka, amma ga shi ta kasa ɗauka.

"Zauna, uwar gaggawa," in ji mai gidan. "Nan ma kin juya ba ki kai ba. Wa ya ce miki an yi sadaka? Dangi sun yi sun yi da ita a yi, ta ce ba ta ga gawa ba. Kullum da hantsi sai ta tafi bakin kogi ta tsaya tana ƙwala kiranki, har aka fara cewa ta taɓu, aka ce za a sa mata mari. Shi ne da aka haife ni ta ce sunan nan za a sa, don ta riƙa kira a cikin gidanta ba mai ce mata mahaukaciya."

Ta share hanci da gefen mayafi, cikin fushi, kamar hancin ne ya yi mata laifi.

"Ni na san abin da na sha. Ta kira, in amsa, ina tsaye a gabanta. Sai ta sake kira. Na biyun ba ni take kallo ba, ƙofar nan take kallo. Har ta mutu ban taɓa amsa na biyun ba, na san ba nawa ba ne. Kin ga, haka take yi."

Ta juya ta fuskanci ƙofar zauren, ta ɗaga murya ta kira sunan, gajere, irin kiran aike. Ta ɗan saurara. Sannan ta sake kira, a hankali, tana jan ƙarshensa.

Kakata na tsaye riƙe da hannuna, bayanta a tanƙware. Na ji ta saki hannun.

Ta ce, "Na'am."